Abin Da Ya Faru A Kara Ranar Alhamis: Shin Mun Ma San Wane Ne Bayahude?

 

Da yawanku kun ga bidiyon nan da ya yi ta yawo a zaurukanmu na WhatsApp tun daren Alhamis. Ga wanda bai gani ba, wani magidanci ne ɗan ƙabilar Ibo ya shigo kara sayen rago, da 'yar ƙaramar hula a tsakiyar kansa, ga wasu zaruruwa farare suna lilo daga ƙasan rigarsa. Mutumin ba baƙo ba ne a kara. Ya shekara shida yana ciniki da ɗaya daga cikin dattawanmu, kullum dabba mai rai yake saye ya tafi da ita, bai taɓa cin bashi ba. Sai wani yaronmu ya ɗauke shi a waya ta baya, yana faɗi da baki cewa ga Bayahude nan ya shigo leƙen asiri, a yi hattara. Kafin a ce kwabo samari sun kewaye mutumin, wani ya kai hannu ga hularsa. Allah ya sa dattijon nan ya riƙe hannun abokin cinikinsa, ya ratsa da shi har bakin titi ya sa shi a keke. Washegari da sassafe shugaban 'yan kasuwa ya aiko a kira mu. Safiyar Juma'a ɗungurungum muka yi muna ba da haƙuri a kan abin da bai kamata ya faru ba.

Da muka dawo muka zaunar da yaron a ofis, muka yi masa tambaya ɗaya: mene ne Bayahude? Ya ce wanda ke kashe Falasɗinawa. Muka ce to me suke bautawa? Ya ce gunki. Abokinsa ya ce a'a, ai Kiristoci ne. Wani babba da ke wurin ya ce ai duk ɗaya ne da 'yan Biyafara. Mutum tara ne a ɗakin, har da mu shugabanni, aka rasa wanda zai ba da amsar da za ta tsaya da ƙafarta. Kunyar ba ta yaron kaɗai ba ce. Kalma ce da muke furtawa kullum, mai rowa Bayahude, mai tsadar kaya Bayahude, yaro mai taurin kai Bayahude, alhali ba mu san komai game da masu sunan ba. Rashin sani ya fi dare duhu, ranar Alhamis kuwa saura ƙiris ya jawo mana wutar da ba mu da ruwan kashe ta. Shi ya sa muka koma muka yi karatu, muka tambayi malamanmu, ga abin da ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya sani.

Yahudawa ba sa bautar gunki. Ginshiƙin addininsu shi ne Allah ɗaya ne, ba shi da abokin tarayya, ba shi da jiki ko siffa, ba a zana shi, ba a sassaƙa shi. Suna da wata kalma da suke kira Shema, mai bayyana kaɗaitakar Allah, suna karanta ta safe da dare, ita ce kuma ake so ta zama maganar ƙarshe a bakin mai mutuwa. In ka shiga wurin ibadarsu, wanda suke kira bet keneset, wato gidan taro, ba za ka ga mutum-mutumi ba. Abin da ke gaba shi ne wata ma'ajiya da ake ajiye Attaura a naɗe, rubutun hannu a kan fata, da harshen Ibrananci, wanda ake rubuta shi daga dama zuwa hagu kamar Larabci. Harsunan biyu ma 'yan uwa ne. Mu ce salam su ce shalom, mu ce sadaka su ce tsedaka.

Kuma ba Kiristoci ba ne. Ba su yarda Annabi Isa (AS) ɗan Allah ne ba, ba su ma karɓe shi a matsayin annabi ko Almasihu ba. Har yau masu riƙo da addini a cikinsu suna jiran Almasihu, wanda a wurinsu mutum ne, sarki daga zuriyar Annabi Dawuda (AS). Haka nan ba su yi imani da Manzon Allah (SAW) ba, ba su karɓi Alƙur'ani ba. Wannan shi ne babban ramin da ke tsakaninmu da su, ba kuma za mu rufe shi da ganye don a ji daɗi ba. A aƙidarmu Attaurar da ke hannunsu an taɓa ta, su kuma sun ce ba a taɓa ba. Mun ce ƙofar annabci ta rufe da Annabi Muhammadu (SAW), su sun ce ta rufe tun ɗaruruwan shekaru kafin Annabi Isa. Duk wanda ya ce maka addinin nan biyu abu ɗaya ne, ko bai san namu ba ko bai san nasu ba. Batun Uzairu da ke Suratut Tauba kuwa, malaman tafsiri da dama sun bayyana cewa wani ɓangare ne daga cikinsu ya faɗi haka, Yahudawan yau ba sa faɗa.

Littafinsu suna kiransa Tanak, littattafai 24 ne a kashi uku. Attaura mai littafi biyar ita ce gaba, sai na annabawa, sai sauran rubuce-rubuce da suka haɗa da Zabura. Shi ne Kiristoci suka ɗauka suka kira Tsohon Alkawari. Sai dai Bayahude ba ya buɗe Attaura ya yanke hukunci da kansa. Suna da abin da suke kira Attaurar baka, wato bayanin da aka yi ta miƙawa daga malami zuwa almajiri. An tattara shi a rubuce wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, aka kira shi Mishna. Malamai suka ci gaba da sharhi da jayayya a kansa har aka sami Talmud, wanda mafi girmansa a Iraƙi aka haɗa shi wajen shekara ta 500, a makarantun garuruwan Sura da Pumbedita. Duk wanda ya taɓa zama a zaure ya ji ana cewa wane ya ce kaza, wane ya saɓa masa, zai gane salon nan take. Malamansu, da ake kira rabbi, sun ƙirga dokokin Attaura 613, umarni 248, hani 365. Har suna da wata ƙaramar ƙungiya, Kara'iyawa, da ta ce ita Littafi zalla ta sani, ba ruwanta da ruwayar malamai. Mu ma mun san irinsu a gida.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya shafi kara, domin a nan ne za ku gane me ya sa mutumin nan yake sayen dabba mai rai. Dokar abincinsu, kosha, ta fi tamu tsauri nesa. Ba sa cin alade, ba sa cin jini, ba sa cin mushe, wannan mun yi tarayya. Amma dabba ba ta halatta gare su sai tana tuƙa kuma kofatonta a rabe yake, don haka raƙumi da zomo da muke ci haramun ne a wurinsu. Kifi sai mai ɓawo da ƙaya ta iyo, saboda haka tarwaɗar nan da ake gasawa a kowane lungu na garin nan ba ta shiga bakinsu. Ba sa haɗa nama da nono a ci ɗaya, masu tsanantawa ma tukwane da cokula daban suke ajiyewa. Yanka kuwa sai wanda ya koyi dokarsa, da wuƙa mai kaifi wadda ba ta da ko tsaga ɗaya, sannan a duba huhun dabbar, a cire wata jijiya ta cinya, a jiƙa naman a barbaɗe shi da gishiri don ya fitar da jini. Mu an halatta mana yankansu a Suratul Ma'ida, su dokarsu ba ta halatta musu namu ba. To mutumin da ke kan wannan doka ina zai sayi tsire? Dole ya sayi rago da ransa. Abin da yaronmu ya gani ya ce leƙen asiri ne, kiyaye dokar yanka ce. Giya dai sun halatta ta, ruwan inabi ma yana cikin ibadarsu ta Asabar, nan mun rabu.

Hular da aka kai wa hannu sunanta kippa, alama ce ta cewa akwai Wanda ke sama da kai. Zaruruwan su ne tsitsit, Attaura ce ta umarce su da ɗaura su a kusurwa huɗu na tufa don tuna dokoki. Ku ɗauka wani ya fizge hular limaminmu a tsakiyar kasuwar Mile One, me za mu ce?

Suna yi wa ɗa namiji kaciya ranar takwas da haihuwa, suna danganta ta ga alkawarin Allah da Annabi Ibrahim (AS). Yaro ya kai shekara 13, yarinya 12, hukunci ya hau kansu. Suna addu'a sau uku a rana, safe da yamma da dare, suna fuskantar Ƙudus, jam'i kuma ba ya cika sai da mutum goma. A wuraren masu riƙo da tsohuwar hanya maza daban mata daban, matar aure tana rufe gashinta, miji ba ya kusantar matarsa a lokacin al'ada sai ta yi wankan tsarki. In mutum ya rasu a wanke shi, a sa shi a farin likkafani, a binne da wuri, dangi su zauna makoki kwana bakwai. Ranar Asabar, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurari daren Asabar, ba aiki, ba ciniki, ba kunna wuta, ba tuƙi. Malamansu sun jera nau'in aiki 39 da aka hana. Dattijon namu ya ce shekara shida bai taɓa ganin mutumin nan ranar Asabar ba, sai yanzu ya gane dalili.

Watanninsu na bin zagayowar wata ne kamar namu, sai dai suna ƙara wata guda sau bakwai a cikin kowace shekara 19 don bukukuwa su tsaya a lokacinsu. Babbar ranarsu Yom Kippur, ranar neman gafara, azumin kusan awa 25 ba ci ba sha, kuma an koya musu cewa laifin da ka yi wa mutum ba a yafe maka sai ka je ka nemi yafiyarsa. Akwai Pesak, idin tunawa da fitowar Bani Isra'ila daga Masar, mako guda suna cin gurasa marar yisti. Wannan tsirar ce ta Annabi Musa (AS) daga Fir'auna da mu ma muke azumin Ashura saboda ita, kamar yadda ya zo a hadisi lokacin da Manzon Allah ya isa Madina ya tarar Yahudawa suna azumi. Annabi Musa kuwa shi ne annabin da sunansa ya fi yawa a Alƙur'ani, sau 136.

Tarihinsu dogo ne, za mu taɓo inda ya shafe mu. Annabi Sulaimanu (AS) ya gina Haikali a Ƙudus, Bukhtanasar na Babila ya rushe shi a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kwashe su bauta. Sarki Sairus na Farisa ya bar su suka koma suka sake gini, Rumawa suka rushe na biyun a shekara ta 70. Daga nan hadaya ta tsaya, addinin ya koma na littafi da malami da addu'a, mutanen suka watsu a duniya. Bayan wani bore da ya ƙare a shekara ta 135 Rumawa suka hana su zama a Ƙudus. Wa ya buɗe musu ƙofa suka dawo? Sayyidina Umar ne, bayan birnin ya shigo hannun Musulmi wajen shekara ta 638. Da mayaƙan Salibiyya suka ci birnin a 1099, Musulmi da Yahudawa tare aka yi wa yankan rago.

A Andalus da Masar da Iraƙi Yahudawa sun yi ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin mulkin Musulmi suna biyan jiziya, suna rubutu da Larabci. Sa'adiya Gawon, ɗan Fayyum ta Masar da ya rasu a 942, ya fassara Attaura zuwa Larabci. Babban malaminsu Musa bin Maimun a Ƙurɗuba aka haife shi, ya zama likita a fadar Salahuddin Ayyubi a Masar, ya rasu a 1204. Shi ne ya rubuta Dalalatul Ha'irin, shi ne kuma ya ba da fatawa ga mutanensa cewa Musulmi ba masu bautar gumaka ba ne, tauhidinsu tsarkakakke ne. A 1492 da sarakunan Kirista na Sifen suka kori Yahudawa, Sarkin Musulmi na Daular Usmaniyya Bayazid na Biyu ne ya karɓe su, wasu suka nufi Maroko. Ba za mu yi ƙarya mu ce zaman duk zuma ne ba. An kashe Yahudawa da yawa a Garnaɗa a 1066, shi kansa Bin Maimun gudun tsananin Muwahhidai ne ya fitar da iyalinsa daga Ƙurɗuba. Amma korar da aka yi musu daga Ingila a 1290, da kashe-kashen Rasha, da kisan mutum miliyan shida da Hitila ya yi a Yaƙin Duniya na Biyu, duk a Turai aka yi.

Mu ma tarihin ya ratso ta gidanmu. Shehu Muhammadu Al-Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa littafi kan yadda ake mulki, kafin zuwansa shi ne ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tamanɗiɗ a yankin Tuwat, cikin Aljeriya ta yau. Masu zafi a cikinmu suna son kawo wannan. Abin da ba sa kawowa shi ne alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi Al-Asnuni, bai yarda da shi ba, aka aika da tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, wasu suka goyi bayan wannan wasu wancan, Wansharisi kuma ya adana jayayyar a cikin Mi'iyar. Manyan malaman Malikiyya sun yi saɓani da hujja da takarda a kan wannan batu, yaron da bai sauke Ahalari ba ya yanke nasa hukuncin da wayar hannu a bakin turken rago.

Mun san abin da za a ce. Tun jiya ma an fara: Sakatare ya zama ɗan kanzagin Yahudawa, ko an ba shi wani abu ne. To ku saurara. Wannan ƙungiya ta yi alƙunutu saboda Gaza, ta tara abin da ta iya, kuma matsayinmu bai motsa ba. An kori Falasɗinawa sama da 700,000 daga gidajensu a 1948, ana mamaye da Gaɓar Yamma tun 1967, an kashe dubun-dubatar mutane a Gaza tun daga Oktoban 2023, mata da yara cikinsu ba iyaka. Zalunci ne, kuma za mu ci gaba da kiransa da sunansa. Sai dai Yahudanci addini ne na shekaru dubbai, Sahayoniyanci kuwa tafiyar siyasa ce da ɗan jarida Tiyodo Hazal ya kira taronta na farko a birnin Basel na Suwizalan a 1897, shi kansa ba mai riƙo da ibada ba ne. Malaman Yahudawa da yawa sun yaƙe shi a lokacin. Har yau akwai 'yan Satmar da Neturei Karta, masu baƙaƙen riguna da dogon gemu, da ke cewa haramun ne kafa ƙasar kafin zuwan Almasihu. Ƙungiyar B'Tselem, ta 'yan Isra'ila, ita ce a 2021 ta kira mulkin ƙasarsu wariyar launin fata. Gaskiya ne mafi yawan Yahudawan duniya suna da ƙauna ga Isra'ila, ba mu ɓoye wannan ba. Amma Yahudawa duka-duka wajen miliyan 15 ne, kusan rabi ne ke Isra'ila, mafi yawan sauran suna Amurka, sai Faransa da Kanada da Ingila, har da Iran inda suke da kujera a majalisa. Kuma ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin da ke mara wa Isra'ila baya a Amurka ta Kiristoci ce, Fasto John Hagee ke jagorantarta. In goyon bayan Isra'ila ne ma'aunin, to rabin maƙwabtanmu masu manna tutarta a motocinsu coci suke zuwa ranar Lahadi.

Wani zai ce ai Alƙur'ani ya zarge su. Ƙwarai, ya zarge su da saɓa alkawari da kashe annabawa, Suratul Ma'ida ta ambaci tsananin ƙiyayyarsu ga muminai, kuma mun san labarin Banu Ƙainuƙa da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza da Khaibar. Babu wanda ya goge wannan. Amma littafin nan dai, a Ali Imrana, ya faɗa mana ba duka suka zama ɗaya ba, ya ce a cikin Ma'abota Littafi akwai wanda in ka ba shi amanar dukiya mai yawa zai dawo maka da ita. A Ma'ida an hana mu barin ƙin wasu mutane ya sa mu ƙi yin adalci. A Mumtahana ba a hana mu kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba, bai kore mu daga gidajenmu ba. Manzon Allah ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, ya rasu sulkensa yana jingine a wurin Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Uwar Muminai Safiyya 'yar gidan shugaban Banu Nadir ce. Abdullahi bin Salam malamin Yahudawa ne kafin ya musulunta. Mu ba malamai ba ne, mun kai waɗannan gaban limaminmu kafin mu rubuta, wanda ke da ja ya same shi bayan Magariba. Tambayarmu ita ce, mai sayen rago da kuɗinsa, wanne gida ya kore mu daga ciki?

Sai masu turo saƙo. Wallahi sun ishe mu. An turo cewa sunan Pepsi gajarta ce ta "a biya kowane kwabo don ceton Isra'ila", alhali an raɗa wa lemon suna a Amurka a 1898, shekara hamsin kafin a kafa Isra'ila. An turo wani littafi da aka ce asirin dattawan Sahayoniya ne na mallake duniya. Littafin a Rasha aka fara buga shi a 1903, kuma tun 1921 jaridar Times ta Landan ta jera shafukansa kusa da na wani littafin Faransanci na 1864 da aka rubuta don zambo ga Sarki Napoliyon na Uku, aka ga kwafe aka yi, aka canza sunaye. Shi Hitila ya sa ake karantar da yara a makaranta. Ƙaryar Turawa ce, muka ɗauko muka yafa mata rawani. Wanda ke son ƙaurace wa kaya saboda Falasɗinu haƙƙinsa ne, amma ya yi da hujja ta gaskiya. Kuma ku lura, mai naɗo muryar nan da ke cewa a yi maganin duk Bayahuden da aka gani, yana zaune a Arewa cikin danginsa, ƙofar gidansa ba wanda zai taɓa. Mu ne muke kwana a rumfa a garin mutane.

Game da Ibo masu bin Yahudanci, suna nan, suna da wuraren ibada a nan Fatakwal da Abuja da garuruwan Gabas. Da yawansu sun ce su zuriyar Eri ne ɗan Gad ɗan Annabi Yaƙub (AS), suna kafa hujja da kaciyar rana ta takwas da wasu al'adu. Masana tarihi ba su tabbatar da wannan nasaba ba, hukumar Isra'ila ma ba ta karɓe su a matsayin Yahudawan da ke da haƙƙin komawa can ba, saɓanin na Habasha da ta kwasa da jirage a 1984 da 1991. Akwai kuma masu fararen riguna da ke kiyaye Asabar amma suna bin Yesu, waɗannan coci ne, Yahudawa ba sa lissafa su. Gaskiya ne Nnamdi Kanu yana cewa shi Bayahude ne, an ma gan shi a Bangon Yamma a Ƙudus a 2018, kuma ba mu manta da 'yan uwanmu da aka kashe a Gabas ba. Amma daga nan zuwa cewa duk mai kippa ɗan IPOB ne, wannan kuɗin goro ne, kuma ba wanda ya san ɗacin kuɗin goro kamar mu. Mu ne ake kira Boko Haram saboda gemu. Mu ne ake kira makiyaya masu kisa alhali mutum takalmi yake gyarawa. A watan Maris na 2025 mafarauta 16 suka taso daga jihar nan za su gida sallah, aka tare su a Uromi, wani ya ce masu garkuwa ne, aka ƙone su. Kafin a ɗauko taya da fetur, abin da aka fara yi shi ne wani ya nuna su da yatsa ya kira su da wani suna. Abin da yaronmu ya yi ke nan ranar Alhamis, Allah ne ya taƙaita.

Ba mu ce kowa ya so Yahudanci ba, su ma ba sa neman kowa ya shiga, addini ne da ba ya yawon wa'azi, wanda uwarsa Bayahudiya ce shi ne Bayahude, mai son shiga kuwa sai ya sha wahalar karatu. Muna da addininmu, mun gode wa Allah. Abin da kwamiti ya yanke shi ne: an goge bidiyon daga zaurukan ƙungiya, wanda ya sake turo shi ko wani mai kama da shi za a cire shi, sannan a kai sunansa gaban Sarkin Hausawa. Yaron da mahaifinsa za su bi dattijon namu zuwa gidan mutumin su ba shi haƙuri, mun sa ranar Lahadi, tunda yanzu mun san Asabar ba ranar zuwa ba ce. Har zuwa rubuta wannan mutumin bai sake leƙo kara ba, ragon da ya riga ya biya rabin kuɗinsa yana nan ɗaure a turke, dattijon ne ke ba shi dusa daga aljihunsa. Taron wata yana nan ranar Lahadi bayan La'asar a harabar masallaci, shugabannin samari na kara da na mahauta kowa ya zo da yaransa.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.